'Yan Tudu Zuwa Teku

Ƙasa ba ta tsaruwa sai an raba soja da garinsu. Wannan ita ce gaskiya mafi girma da aka gano a fannin tsaro tun da aka fara ƙera takobi, kuma ni na gano ta, wata ranar Talata, a ofishina da ke hawa na biyu na Ma'aikatar Tsaro, fanka tana juyi a kaina.

Ƙasarmu sabuwa ce, tutarmu ko koɗewa ba ta fara ba. Arewa da gabas iyakar tudu ce, rairayi da duwatsu da ƙaya. Kudu kuwa teku. Waɗanda suka mulke mu sun tafi sun bar mana 'yan bataliyoyi, da motocin da sai an tura suke tashi, da wata taswira da ta fi bangon ɗakin taro faɗi har sai da aka naɗe gefenta. Gwamnati ta kafa kwamitin tsara rundunoni, aka naɗa ni darakta, saboda ni kaɗai nake da digiri a kan yaƙi. Sauran 'yan kwamitin yaƙin kawai suka yi.

Hujjata ba ta da wuyar fahimta. Ka ɗauki ɗan iyaka ka tsayar da shi a shingen iyaka, wa zai tare? Mai jakin da ke tahowa kawunsa ne. Matar da ta ɗauko kaya a ka gwaggonsa ce, ita ta yi masa wanka yana jariri. Da wane ido zai ce ta kwance ƙullinta? Haka ɗan gaɓar teku: duk kwalekwalen da ya sato hanya da kayan fasa-ƙwauri, ɗan ƙanin babansa ne ke tuƙi. Saboda haka a kwashi 'yan tudu a kai su teku, a kwashi 'yan teku a kai su tudu. Kowa ya tsaya inda bai san kowa ba, bai jin kunyar kowa. Na raɗa wa abin suna Tsarin Musaya.

Da na gama bayani a gaban kwamiti, Janar, shugaban sojan ƙasa, ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Darakta, yanzu masunta za ka ba ni in ɗora a kan raƙuma?"

"Za su koya, ranka ya daɗe. Ƙasar ma ai koyo take yi."

Kwamandan sojan ruwa bai yi musu ba. Ya riga ya lura 'yan tudu sun fi 'yan teku yawa nesa ba kusa ba, kuma mai mutane da yawa shi ake ƙara wa tauraro a kafaɗa. Shugaban sojan sama, wanda har yanzu ake jiran isowar jirginsa, ya ɗaga hannu ya tambaya ko akwai waɗanda aka haifa a ƙarƙashin ƙasa da za a turo masa. Sakatare ya rubuta cewa za a duba.

Ministan Tsaro kuwa tsarin ya shige shi nan take, don yana da daɗin faɗi a jawabi. Na miƙe, na ɗora rula a kan taswira, na ja layi daga yamma zuwa gabas. Duk sojan da aka haifa a saman layin ya zama na ruwa. Na koma kujerata ina jin abin da nake zaton masu kafa dauloli suna ji.

Bayan an tura umarni barikoki, wata rana da yamma na dawo gida na tarar da takalman soja a bakin ƙofar falo, manya, jajaye da ƙurar hanya. Ina shiga mai su ya miƙe, ya ƙame, ya sara mini da cokali a hannu.

"Yallaɓai Darakta! Sojan ruwa na gaisuwa."

Auta ne, ƙanin matata, laftana a rundunar iyakar arewa. Tun ina neman auren yayarsa yake tsokanata, yana cewa tabarau na ya fi ni nauyi, kuma har yau bai gaji ba. Jarumi ne, wannan ba gardama: akwai tabon harsashi a cinyarsa, yakan nuna wa yara in sun ƙi cin abinci. Abu ɗaya yake tsoro a duniya. Yana ƙarami ya faɗa rijiya, ya daɗe a ciki yana riƙe da wata saiwa kafin a ji kukansa. Tun daga ranar tsakaninsa da ruwa sai na sha da na alwala. Wanka da kofi yake yi. In mota za ta haye gada sai ya fara hira da ƙarfi, ko ba wanda ya tambaye shi.

Yayarsa tana zaune a gefe ta harɗe hannu. Ban ga alamar an ajiye mini abinci ba.

"Baban yara," ta ce, "kai ka ja layin nan?"

"Kwamiti ne ya ja."

"Da rular wa?"

Na cire tabarau na shiga gogewa.

"Rular 'yarka ce. Tun ran nan take nema, har malaminsu ya doke ta."

Na zauna na fara yi mata bayanin kawu da gwaggo da ɗan ƙanin baba. Na yi bayanin da kyau, har na ƙara wani misali da ban faɗa wa kwamiti ba. Ta bari na kai aya.

"Ni ba jawabi na tambaye ka ba. Matarsa cikinta ya tsufa, ko tsugunno da ƙyar take yi. An ce jirgin ruwan da za a sa su a ciki in ya tashi sintiri sai ya bi gaɓar ƙasar nan kaf ya dawo, watanni ba ya tsayawa. Yaron nan kuma ka san shi da ruwa. Abu ɗaya nake so: ƙafarsa ta tsaya a ƙasa. Ƙasar arewa, ƙasar kudu, ƙasar bayan gida, ban damu ba."

"Yaya, ki ƙyale shi," in ji Auta, yana sakace haƙori. "Ai in na nutse sai a sa wa titi sunana. Yallaɓai ya zo ya yanke ƙyalle."

Ya yi dariya.

"Ƙaramin abu ne," na ce. "Ni na yi tsarin. Gobe zan ga Minista."

Na kuwa gan shi. Na shirya maganata tun a mota: kowace ƙa'ida mai ƙarfi tana buƙatar 'yar taga, don iska. Sai dai da aka buɗe mini ƙofar ofishin, na tarar da shi da baƙi, 'yan jarida na gida da na waje, da kyamarori, da kofunan shayi.

"Ga shi nan!" Minista ya ce. "Ga ƙwaƙwalwar! Ku tambaye shi da kanku."

Suka tambaye ni, na amsa. Ban taɓa sanin ina da murya mai daɗi haka ba. Can wata 'yar jarida mai ƙaramin littafi ta ɗaga biro.

"Darakta, mun san yadda ake yi. 'Ya'yan talakawa za su tafi teku, 'yan uwan manya a samo musu kujera a hedikwata. Ko ba haka ba?"

Akwai wani ciwo da ke damun waɗanda suka yi jami'a: ba ma iya barin tambaya mai kyau ta wuce ba mu ba ta amsar da ta fi ta kyau ba. Na ji bakina yana cewa, "Baiwar Allah, ƙanin matata, uwa ɗaya uba ɗaya da ita, laftana ne ɗan tudu. Yana cikin rukunin farko da za su hau jirgi."

Minista ya tafa. Baƙin waje suka rubuta. Washegari jarida ta buga a shafin farko cewa Darakta ya fara da gidansa. Matata ta karanta a tsaye, ta ninke jaridar, ta shimfiɗa ta a ƙasan kejin kaji. Da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Fitar da Auta daga sojan ruwa ya zama ba zai yiwu ba. Amma ni mutum ne mai tunani, na tuna cewa ba duk sojan ruwa ke ruwa ba. Na je wurin Kwamanda, wanda tuni an ƙara masa tauraron, saboda haka yana ganina da mutunci.

"Akwai ɗakin oba-oba a tashar jiragen ruwa," ya ce. "A kan tudu yake, bene ne ma. Ana buƙatar hafsa ya zauna yana sauraren jirgi. Akwai gida a baya, ya kawo iyalinsa. Amma ka riga ka sayar da shi ga jarida, Darakta. Dole ranar ƙaddamar da jirgi ya tsaya a ciki da farin kaya, Minista ya gan shi, a ɗauki hoto. Jirgin a ɗaure yake, ba inda za shi. Minista na juya baya, kafin a kwance igiya, in sauke maka shi ta baya."

Na koma gida na ba da labari kamar wanda ya ci gari da yaƙi. A ranar aka dawo da ajiye mini abinci.

Auta ya ɗauki abin da gaske. Ya tambayi tsofaffin matuƙa, suka ce kada ya ci komai tun daga jajibirin ranar, ya sa lemun tsami a aljihu, ya kafa ido a kan abu ɗaya da ba ya motsi. Ni ma na sauka garin bakin teku tare da tawagar Minista, aka ba mu masauki a otal. Da safe na karya da ƙwai, da burodi da man shanu, da shayi mai madara, na ƙara da wani ƙwan saboda na ga Janar ya ƙara. Ban ga dalilin yin hattara ba. Teku ba baƙona ba ne. Na gan shi ta tagar jirgin sama, kuma babi mafi tsawo a kundin digirina a kansa yake.

Tashar tana warin kifi da man dizal. 'Yan badujala suna ta busa. Jirginmu na farko yana tsaye an shafe shi da fenti mai ruwan toka, an rataya masa tutoci tun daga hanci har wutsiya, an ɗaure shi da igiyoyi masu kaurin cinya. A bisansa sababbin sojojin ruwa sun yi sahu cikin fararen kaya, 'ya'yan makiyaya da manoman gero, kowannensu fuska kamar wanda aka gaya wa rasuwa. A gabansu Auta, miƙe kamar turken wuta, gumi yana bin wuyansa, idonsa a kan wani jan rufin kwano can cikin gari. Wallahi ya yi kyau. Na ji alfahari da shi, da kuma tsarin da ya fito da shi.

Nufina in tsaya a ƙasa cikin inuwar rumfa. Sai Minista ya waiwayo daga kan katakon da aka gitta zuwa jirgin.

"Ina Darakta? Mai tsari ai shi ke fara hawa tsarinsa. Zo ka tsaya kusa da surukinka, masu hoto na jira."

Na hau. A nan na gano wani abu da ba ya cikin kundina. A taswira teku shuɗi ne, a shimfiɗe, ba ya motsi. Na gaske kuwa numfashi yake yi. Jirgin ya ɗan ɗaga, ya ɗan sauka, ya ɗan jingina da gaɓa kamar mai jin barci, ya dawo. Ba wani motsi mai yawa ba. Amma ƙwan da ke cikina ya lura.

Aka tsayar da ni dab da Auta, a bayan Minista, kowa yana fuskantar taron da ke ƙasa. Minista ya fara jawabi. Ya fara daga zuwan Turawa.

"Yaya," Auta ya ce a hankali, bakinsa ko motsi ba ya yi, "kada ka kalli ruwa. Kalli jan rufin can."

"Lafiyata ƙalau."

"Fuskarka ta yi kore."

"Hasken fenti ne."

"Me ka ci?"

"Ka yi shiru, kana kan fareti."

Na kalli jan rufin. Shi ma sai ya fara hawa da sauka. Na kalli ƙeyar Minista, ta fi rufin rawa. Na shiga karanto sunayen manyan yaƙe-yaƙen teku a zuciya, bi da bi, don in tuna wa cikina ko ni wane ne. Minista ya iso ranar samun 'yancin kai. Wani ƙaramin jirgi mai jan kaya ya wuce ta bayanmu, yana busa ƙaho don taya mu murna, ya turo mana igiyar ruwa guda ɗaya, mai ladabi.

Ba zan tsawaita ba. Na sunkuya, karin kumallon otal ya fito gaba ɗayansa, ya bazu a daɓen jirgi, wani ya fallatsa a dugadugan takalman Minista da gefen rigarsa.

Tsakanin ƙarar abin da juyowar mutane akwai ɗan lokaci, kamar na ƙiftawar ido biyu. A cikinsa Auta ya damƙi bayan rigata ya miƙar da ni tsaye, ya cusa mini lemun tsami a tafin hannu, ya taka gaba ɗaya, tsakiyar ɓarnar, ya dafe ciki ya sunkuya. Da Minista ya juyo, da kyamarori suka juyo, abin da suka gani shi ne wani laftana ɗan tudu yana goge baki da hannun farar riga, da Darakta a bayansa, tsaye, fuska a yamutse saboda takaicin abin da surukinsa ya yi.

Aka yi tsit. Har mai ganga ya tsaya.

Minista ɗan siyasa ne, bai rasa abin cewa ba. Ya dubi takalmansa, ya dubi taron.

"Kun gani? Ko abin da ke cikinsu sun ba ƙasa!"

Aka fashe da dariya, aka tafa, badujala ta ɗauka. Da za a kafa kwamiti ya binciki abin da ke kan daɓen nan, da ya tambayi yadda mutumin da bai ci komai ba tun jiya ya amayar da ƙwai. Ba a kafa ba.

Na buɗe baki zan yi magana. Wannan ina so a sani. Amma buɗe baki a wannan hali yana da haɗari iri biyu, kuma na farkon ya taso mini har maƙogwaro. Na rufe, na danna lemun tsami a hanci.

Kwamanda bai yi dariya ba. Yana raka Minista bakin katako ya dawo, wuyansa ya kumbura.

"Laftana! Jirgi a ɗaure? A ɗaure ka yi mini haka, a kan rigar Minista? To ɗakin oba-oba ba asibiti ba ne. Za ka bi jirgin nan, ka je ka dawo, ka sake zuwa, har cikinka ya koyi ladabi."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Auta, ya sara.

Na ja Kwamanda gefe. "Ranka ya daɗe, maganarmu fa?"

"Wace magana? Dā ba wanda ya san fuskarsa, labarinsa kawai aka gani a jarida. Yanzu duk ƙasa ta san shi. In sauke shi yau, gobe a buga cewa ɗan tudu na farko ya kasa, an mayar da shi tudu don surukin Darakta ne. Tsarinka ya mutu, taurarona ya bi shi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗan daɗe a kan lemun da ke hannuna. "Sai dai in kana da wani bayani da ban sani ba. In akwai, ga 'yan jarida can ba su tafi ba."

Na dubi 'yan jaridar. Mai ƙaramin littafin nan tana cikinsu. Na auna abin da idon masani: a gefe ɗaya hafsa guda, a ɗaya gefen iyakokin ƙasa baki ɗaya, da gaɓar teku, da amincewar ƙasashen waje, da wanda ya ja layin. Duk wanda ya karanta fannin ya san amsar.

"Zan yi nazari a kai," na ce.

"Yi a ƙasa. Za mu kwance igiya."

Kafin in sauka na tsaya gaban Auta. Na so in faɗa masa wata magana mai nauyi game da sadaukarwa, amma ya riga ni.

"Yallaɓai, ka ce wa Yaya ta je ta ɗauko matata, ta zauna wurinku har ta sauka lafiya. Ɗakin littattafanka ya isa, a fitar da littattafan." Ya ɗan matso. "Kuma kada ka ce za ka yi mata bayani. In ta sani, kai ka mutu, ni kuma na yi a banza."

"Auta, ni fa…"

"Sauka, Yaya. Kalli gabanka, kada ka kalli ƙasan katakon."

Na sauka. Ban taɓa sanin siminti yana da daɗin takawa haka ba. Aka janye katako, aka kwance igiyoyi, jirgin ya yi ƙara ya fara ja da baya. Wani ɗan jarida ya miƙo mini abin magana yana tambayar yadda nake ji a wannan rana mai tarihi. Na ce masa kowane babban tsari yana da 'yan wahalhalun farko, kuma muryata ta fita sarai.

Ta saman kafaɗarsa ina hango jirgin. Hafsa ba ya wanke daɓe, ƙananan sojoji ke yi. Amma ƙananan sojojin duk sun bar sahu, sun jeru a jikin ƙarfen gefe, kowa ya leƙa da kai waje, kafaɗu suna tashi suna sauka. Babu wanda za a aika. Auta ya tuɓe hularsa ya ajiye a kan wani akwati. Ya ɗauki bokiti mai igiya, ya matsa bakin jirgin da gefe-gefe, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ya zura shi ƙasa ya jawo ruwa. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya fara gogewa da tsumma.